Igiyar Rijiyar Gidanmu

Kwana uku aka tara mu a Sakkwato,
malaman firamare arba'in,
fanka na juya zafi bisa kawunanmu.
Malama Tumba ta haska bango:
dutsen ƙanƙara na narkewa can ƙarshen duniya.

Na ɗaga hannu.
Na ce, yarana a Kware
ƙanƙarar kular mai zoɓo kaɗai suka sani.
Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.
Ta ce, "To me suka sani da ya sauya?"

Daren nan ban runtsa ba.
Igiyar rijiyar gidanmu
gaba shida ce shekarar da aka yi mini kaciya.
Baba ya ƙara ƙulli, Yaya ya ƙara,
bara ni na ƙara da hannuna.
Ga geron da muka shuka sau uku,
ga Rima da ta shigo fadama ba sallama
ta kwashe shinkafar Ɗan'ige.

Ran Litinin ba da allo zan fara ba.
Zan shimfiɗa igiyar tsakar aji,
in ce, Lawwali, ƙirga ƙullin nan,
sannan ka tambaye ni
ina ruwan ya tafi.