Kwalbar Tukuici

A Valparaíso, can saman tudu,
inda gidaje ke riƙe da juna kada su zame cikin teku,
akwai gidan cin kifi mai tebur goma sha ɗaya.
Nan nake aiki. Sunana Eliana.
Shekara tara ina ɗaukar faranti huɗu da hannu biyu.

Da can akwai kwalba a gefen kanta,
ta zaitun ce, an ɓare mata takarda.
Baƙo ya ci ya ƙoshi, ya jefa abin da ya sawwaƙa,
ƙarar tsabar ta kai har kicin.
In an rufe ƙofa mu zazzage, mu kasa biyar:
ni, da Nibaldo mai suya,
da Fresia wadda ruwan wanke-wanke ya cinye wa farce,
da samarin nan biyu masu goge ƙasa.
Ba ta taɓa azurta kowa ba,
amma ta sayi takalmin makaranta,
ta biya motar dare.

Sai na'urar kati ta zo.
Ba ta ƙara, sai ƙyafta koren ido.
Baƙo ya ce, "In haɗa da na hidima?"
In ce, "Yadda ka gani."
Ya danna, ya yi mini murmushi,
a zatonsa a tafina ya sa.
Ashe kuɗin sun bi iska
sun kwana a asusun Don Evaristo.

Ƙarshen wata ya tara mu bayan kanta:
"Kofi uku sun fashe. An zubar da miya.
Banki ma ya yanki nasa."
Ya miƙo ragowar kamar mai ba da sadaka,
har yana jiran godiya.
Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Maigida, ba da sunanka aka bayar ba.
Tsohuwar ranar Lahadi ta bar nata ne
don na tuna ba ta cin albasa.
Matuƙin jirgin ruwan nan ya bar nasa
don Nibaldo bai ƙona masa kifi ba.
Kana ina lokacin?

Fresia ce ta fara rubutawa,
a bayan tsofaffin rasit, da jiƙaƙƙen hannu,
tawada na narkewa, lissafi na tsayawa.
Mako goma sha ɗaya.
Muka gangara ofishin ƙwadago ranar hutunmu,
cikina na kaɗawa a kowane tsani.
Wata mata mai tabarau ta karanta har ƙarshe,
ta ɗaga kai ta ce,
"Wannan gumin yana da masu shi."

Mai bincike ya zo ranar Talata, mai na tafasa.
Don Evaristo ya biya,
yana lasar yatsa kan kowace takarda
kamar ana zare masa haƙori.

Tun ranar ba ya amsa gaisuwata.
Ya mai da ni teburan bakin ƙofa
inda sanyin teku ke shiga ƙashi,
ya cire ni daga Lahadi.
Ban sani ba ko zan kai baɗi a nan.

Amma Fresia ta sayi safar hannu ta roba, ruwan ɗorawa,
tana ɗaga mini su ta tagar kicin.
Kwalbar kuwa na wanke ta na mayar wurinta.
Rasit muke tarawa a ciki yanzu.