Sunan da ke Kan Roba

A kantin da nake tsaro, a birnin Porto,
akwai wani saurayi da ya ninka ni uku a tsawo,
manne a bango, ciki a shafe,
ba ya tari, ba ya tsufa, ba ya biyan haya.
Shi ke ciniki. Ni canji kawai nake bayarwa.

Da hantsi Amílcar ya shigo,
direban taragon da ke bin gaɓar Douro,
tumbinsa ya riga shi sallama.
Ya ɗaga kai ya dubi na bango,
ya haɗiye numfashi,
ya ce a ba shi irin na jikin wancan.
Kamfai ɗaya, yuro arba'in da biyu.
Ya zaro kuɗin kamar mai cire ƙaya.

Na so in ce masa:
uwata Graciete ta shekara ashirin da shida
a kan keken ɗinki a Guimarães.
Da safe ta ɗinka na 'yan tebur, uku yuro biyar,
da la'asar a sauya mata roba
mai sunan wani da bai taɓa zura zare a allura ba.
Auduga ɗaya, zare ɗaya,
ciwon baya ɗaya.

Ban faɗa ba. An koya mini abin faɗa:
"Taɓa ka ji laushi. Ai ka cancanta."
Na naɗe a takarda mai ƙamshi,
na sa a baƙin kwalin da ya fi abin cikinsa nauyi.

Wa zai gani? Wando zai rufe.
Sai matarsa, in ma tana kallo,
sai igiyar shanya da tantabarun unguwa.
Amma na ga fitarsa,
kafaɗa a buɗe,
yana taka duwatsun titi kamar wanda aka yafe wa bashi.

Kada in yi dariya da yawa.
Ranar albashi ni ma na sayi na mata,
mai leshi, da ragin ma'aikata,
na kai wa tsohuwa tsaraba.

Ba ta ko dubi sunan ba.
Ta juya shi ciki waje,
ta bi ɗinkin da farce har kusurwa,
ta ce, "Hannun Odete ne.
Har yau ba ta daina tsallake zare ba.
Nawa suka karɓa a wurinki?"