Kafin Ƙafa Ta Taɓa Ƙasa

Shekara tara ina karatun faɗuwar tsofaffi
a hawa na shida, a ofis mai kallon kogin Min.
Takardu na zo mini daga ƙasashen da ban taɓa takawa ba,
kowace da jadawalinta, da adadin waɗanda suka kife.
Aikina in jera su, in ga inda ruwan ke gangarawa.

Da fari ƙirge kawai ake yi:
waɗannan sun yi tai chi, waɗancan sun zauna gida,
bayan wata shida a tambaya, wa ya faɗi, sau nawa.
Da aka gaji da ƙirge
sai aka koma awon tsayuwa da ƙafa ɗaya, agogo a hannu.
Daga nan aka haura ƙwaƙwalwa,
a sa tsohuwa tafiya tana ƙirga lamba da baya
a ga ko hankali zai saki ƙafa.
Yanzu kuwa wata 'yar na'ura ce kamar maɓallin riga,
a ɗaura a ƙugu, ta rubuta kowane tangaɗi,
malami ma ya shige cikin waya
yana koyar da mutanen da bai san faɗin ɗakinsu ba.

Duk wannan na sani. Har zana shi na yi da launi.

Abin da ya wuce ni shi ne daren Laraba,
da babana, Gong Zhenhai, tsohon mai walda a tashar jiragen ruwa,
ya zame a banɗaki tsakanin bokiti da bango,
ya kwana a nan har gari ya waye
don kada ya tashe ni.

Ƙashi bai karye ba.
Amma ya daina zuwa kasuwar kifi.
Ya koma bin bango da tafin hannu
kamar mai lallashin dabbar da ta taɓa harbinsa.
Muna da ma'aunin tsoro, tambaya goma sha shida.
Na karanta masa, ya ce a'a har ƙarshe,
hannunsa na riƙe da bakin tebur.

Na kai shi lambun bakin tafki da sassafe,
ƙarƙashin bishiyar nan mai saiwoyi kamar gemu.
Mata ashirin da wani abu, maza uku.
Ya dube su ya yi tsaki:
wannan ai iyo ne babu ruwa.

Malama Ruan ba ta yi gardama ba.
Ta girme shi da shekara biyu, gwiwarta ɗaya ta ƙarfe ce.
Cewa ta yi, kai mai walda,
ka taɓa haɗa ƙarfe da gaggawa ya riƙe?
Bari diddige ya fara gaida ƙasa.
In ta amsa, sannan ka ba ta nauyinka.

A takarduna, wanda ya daina zuwa a mako na uku
layi guda ne a ƙasan shafi: sun fice.
Ba a cewa motar ce ke nisa,
ko jika aka bar masa, ko kunya ce.
Mutanen ƙauye ma da ƙyar nake cin karo da su.
Babana ya fice sau biyu.
Sau biyu Malama Ruan ta aiko masa da lemo, ba saƙo,
ya ci, ya nemi takalminsa.

Mutum ɗaya ba hujja ba ne,
ni da kaina nake gaya wa ɗalibai haka.
Ban san ko zai sake faɗuwa ba. Mai yiwuwa.

Jiya dai an yi yayyafi, matakala duk santsi.
Ta taga na hango shi yana tahowa,
ledar kifi a hannun hagu, jelar na leƙowa,
hannun dama ba ya neman komai.
A mataki na ƙarshe ya tsaya,
ƙafa ɗaya a sama,
yana jiran ƙasa ta amsa.