Bangon Madafa

A Tilden Fulani sanyi ba ya sallama.
Cikin dare yake gangarowa daga duwatsu,
ya kwana a bakin rijiya,
da asuba ka taɓa guga, ya cije ka.

Ni kuwa sana'ata koyar da lambu.
Shekara talatin da ɗaya ina malamin gona,
da na ajiye aiki na ɗauki keke,
da igiyar awo, da littafi mai bangon leda.
Gida-gida, dubu biyu a wata,
mai biyan shekara in yafe masa wata guda.

Da damina kowa gwani ne,
ko tsinke ka soka a ƙasa sai ya yi ganye.
Ba sa nemana.
Sai ruwa ya ɗauke, dare ya yi tsawo,
iri ya kwanta a kwami ya ƙi motsi,
sannan waya take kuka:
"Malam Barau, tumatirina ya yi fushi."

Sai in je.
In ce wa Rifkatu, kada ki yi ban-ruwa da asuba,
bari hantsi ya dafa bokitin.
In ce wa Jauro Bappa, rufe kwamin da ciyawa,
kai ma ai da bargo ka kwana.
Kabeji da karas, latas da albasa,
waɗannan 'ya'yan sanyi ne, sake su su yi wasa.
Attarugu kuwa baƙo ne, a lallaɓa shi.
Shekara ba ta da watan banza,
mu ne muke da watan ƙyuya.

Mutum goma sha tara ne a littafina.
Ta ƙarshe Ladidi, mai tuyar ƙosai,
tsakar gidanta bai kai tabarma uku ba.
Na auna, na duba inda rana ke faɗowa,
na ce, jera buhunanki a gabas, nan ne daidai.
Ta ce to.
Irin "to" ɗin da ba ya zuwa ko'ina.

A makon da sanyi ya yi tsanani
attarugun Jauro ya nannaɗe ganye,
na Rifkatu ya zubar da fure,
nawa ma, na bayan ɗakina,
wanda nake kai mutane su gani,
ya tsaya cak kamar an yi masa rasuwa.

Na shiga gidan Ladidi da jajen a bakina.
Gabas babu komai, sai kaza tana tono.
Can na hango su, buhu bakwai,
sun jingina da bangon madafa,
kore shar, har da 'ya'ya.
Ta ce, "Malam, sanya hannunka."
Na sanya.
Bangon da ɗumi, kamar bayan jinjiri.
"Murhuna ba ya mutuwa sai tsakar dare,
kafin kiran farko na sake hurawa.
Na ga kyanwa nan take kwana,
na ce ita ba ta biya kowa dubu biyu ba."

Na yi dariya, amma ba duka ba.
Na zauna a kan turmi na buɗe littafin.
Gaban sunanta bashin wata uku.
Na daɗe biro yana sama.

Na ja layi.
A ƙasa na rubuta: Barau, wata ɗaya, bai biya ba.

Yanzu in na shiga sabon gida
igiyar awo tana aljihu tukuna.
Nakan tambayi inda ake girki,
in tambayi inda kyanwa take kwana,
su dube ni kamar tsufa ya fara taɓa ni.

Gobe akwai mutum biyu a Magama,
tayar baya tana sace iska,
kuma irin karas ya ƙara kuɗi.