Warin Safa

Shekara goma sha bakwai ina tura keken shayi
tsakanin kujeru, daga Porto zuwa Funchal,
in je, in dawo, in sake komawa.
Na san kowace ƙofa, na san maɓoyar rigar ruwa,
amma ban taɓa tambayar inda numfashina ke fitowa ba.

Ashe daga cikin inji ake tatso shi
da zafinsa, a fifita, a raba mana,
kamar kunun da aka dama a tukunyar da ba a wanke ba.

Ranar Talata ce. Mun fara gangarowa,
teku a ƙasa shimfiɗe kamar shuɗin zane,
sai wari ya shigo, ba hayaƙi, ba ƙara,
warin safar da ta kwana uku a jiƙe cikin takalmi.
Wani dattijo a layi na tara ya harari maƙwabcinsa.
Dariya na yi. Na rantse, dariya na yi.

Custódio, abokin aikina, ya ce bakinsa ɗanɗanon ƙarfe yake.
Na buɗe nawa zan ce a ɗaura bel,
kalmar ta tsaya can nesa tana kallona
kamar akuyar da ta ƙi shiga gida da magariba.

Muka sauka lafiya. Fasinjoji suka tafa.
Makaniki ya hau da tocila, ya shinshina,
ya rubuta cewa bai ga komai ba.
Kafin la'asar jirgin ya sake tashi
da waɗansu huhunan.

Likitan titin Cedofeita ya ɗebi jinina bayan kwana tara.
Ya ce gajiya ce. Ya ce shekaru ne.
Ya tambaya ko muna zaman lafiya da maigidana.
Takardarsa fara fat.
Wanda aka doka da sanda yana da tabon nunawa,
ni me zan kware in nuna?
Iska ba ta barin sawu.

Yanzu ina gidan mahaifiyata a Afurada,
inda mata ke shanya wanki a bakin Douro.
Kofi na rawa a hannuna ba tare da kiɗa ba.
Jiya na tsaya gaban firji riƙe da makulli
ina tambayar kaina wa ya aiko ni.
'Yata Benedita ta manna takardu a bango:
kashe gas, sha magani,
sunan maƙwabciyar da muka tashi tare.

Custódio yana nan yana tashi.
Ya ce bashin gida bai san ciwon kai ba.
Ya ce in warin ya zo, yakan jiƙa hankici ya toshe hanci,
ya ci gaba da murmushi.

Sau dubu nawa na tsaya gaban mutane
ina ɗaga robar nan mai ruwan ɗorawa:
ka fara sa wa kanka, sannan ka sa wa ɗanka.
Ranar da muka buƙaci tsabtatacciyar iska
ba abin da ya faɗo daga sama.

Da yamma jirage na ratsawa ta saman kogi,
cikinsu fari kamar na kifi.
Mahaifiyata ce ta fara lura:
duk wanda ya wuce, sai na riƙe numfashi
har ya ɓace.