Safar Hannu ta Aro

Ranar Talata aka wanke bangon kamfani,
aka shafa masa farin fenti har bakin kwata.
Fankar da ta mutu tun damina biyu
ta farka tana juyi kamar ba ita ba.
Jatau ya dube ni, na dube shi:
baƙi za su zo.

Da sassafe, a ƙofar masana'anta a Kudenda,
mai rajista ya kira mu da lamba kamar kullum.
Ni ce ɗari huɗu da sha bakwai,
amma yau ya ƙara da "Malama Lantana",
har sai da na waiga in ga wa yake nufi.

Aka raba mana safar hannu sabuwa fil, da warin leda,
hular kwano ruwan ɗorawa,
takalmi mai ƙarfe a baki.
Nawa ya yi mini yawa, na cusa takarda.
Aka ce: in an tambaye ku, awa takwas kuke yi.
In an tambaye ku, kuna da asibiti.
In an tambayi Bulus,
ku ce ya tafi ganin gida.

Bulus yana Nasarawa, a ɗakin haya,
yana koyon cin tuwo da hagu.
Injin yankan fata ya karɓi yatsunsa uku.
Kamfani ya ce ba ma'aikacinsa ba ne, na ɗan kwangila ne.
Ɗan kwangila ya ce ai ɗan aikin rana ne,
ranar kuwa ta faɗi.

Da hantsi suka iso a mota mai sanyi.
Wata mai furfura ta tsaya a kaina,
kuma in faɗi gaskiya, ban ga mugunta a idonta ba.
Ta yi magana, tafinta ya juya:
"Kina jin daɗin aikinki?"
Manaja na bayanta yana gyara agogo.
Na tuna kuɗin makarantar Kande,
na tuna mutum sittin da ke tsaye a waje
kowa na jiran ƙafata ta zame.
Na ce, "Alhamdu lillahi."
Tafinta ya mayar mata da kalma ɗaya,
ta buga alama, ta wuce.

Babana ya yi shekara ashirin da biyu a masaƙar Kakuri.
Yana da kati mai hotonsa, yana da ƙungiya,
jiniya ce ke tashe shi, jiniya ke sallamarsa.
Ya rasu yana bin kuɗin sallama,
takardun na nan ƙarƙashin katifar Inna.
Amma shi ya san ƙofar da zai je ya buga.
Ni mai kamfanina, in gari ya waye mana, shi dare ne a wurinsa.
Jatau ya taɓa nuna mini a waya
jakar da nake yanka wa hannu:
kuɗinta albashina ne na wata bakwai.
Na ce ya kashe, kada datarsa ta ƙare.

La'asar sakaliya motar ta fita.
Kafin a rufe ƙofa fanka ta sake mutuwa.
Mai sito ya zagayo da kwali:
hula, takalmi, safa, kowa ya sa hannu.
Ya ƙirga sau biyu, safa ɗaya ta yi ɓatan dabo.
Ya rubuta ɗari huɗu da sha bakwai,
an zaftare kuɗin yini biyu.

Ta dama ce. Tana cikin haɓar zanena.
Bayan magariba na kai wa Bulus.
Ya juya ta, ya shinshina, ya zura hannu a hankali,
yatsu uku suna lilo, babu kowa a ciki.
Ya yi dariya har ya sarƙe,
matarsa ta miƙo ruwa a moɗa.
Da ya sha, ya ce:
"Ashe suna da ita tun tuni."