Mai Awo

Shekara talatin da ɗaya ina bakin sikeli
a gaɓar tekun Puerto Montt,
garin da ruwan sama ba ya sallama.
Kifi nake aunawa, a kan haka ake biyana.
Awon mutane kuwa kyauta nake yi.

Shugabanni biyar na ga hawansu benen nan,
kowa da jawabinsa na ranar farko,
kowa da takardun shaidarsa a bango.
Na huɗun har hotonsa ya sa a kalanda.
Kalandar ta fi shi daɗewa.

Sai ga Ximena Cárcamo, ta shida.
Ita ma ta yi jawabi, kuma bai yi armashi ba.
Sau bakwai ta ce "amana",
Baldomero na ƙirgawa da yatsu a ƙarƙashin tebur.
Muka tafa,
irin tafin da ake yi don hannu ya ji ɗumi.

Ta fara saukowa ƙarfe huɗu na asuba
cikin takalmin robar da ya fi ƙarfin ƙafarta.
Muka ce ɗoki ne, zai huce kamar shayi.
Ta tambaye ni dalilin da nake buga gefen sikeli sau biyu.
Na ce allurarsa taurin kai gare ta,
sai an tuna mata gaskiya.
Ta rubuta a ɗan littafinta.
Ban saki jiki ba. Rubutu ba shi da tsada.

Cikin Yuni injin ɗakin sanyi na uku ya soma tari.
Nicanor, ɗan yaron injiniya, ya hau da takarda:
a gyara yanzu.
Ta ce a jira Agusta, kuɗi sun yi wuya.
Daren Asabar injin ya yi shiru.
Tan arba'in.
Warin ya kai har tashar mota.

Manya suka taso daga Santiago a jirgin safe,
takalma na ƙyalli, suna tsallake taɓo.
Tun a hanya sun gama rubuta sunan Nicanor,
ƙaramin kifi ba ya wahalar haɗiya.
Ina tsaye bakin ƙofa, littafin awo a hammata,
ta zaro takardar nan daga jaka,
ta ɗora yatsa a ƙasanta:
"Sa hannuna ne wannan.
Ya faɗa mini. Ni ce ban ji ba."
Muryarta na rawa.
Ta bar ta tana rawa, ta ƙarasa.

A daren ta kira mai saye a Osaka
kafin labari ya riga ta isa.
Ladan shekara ya tafi.
Kujerar ma ƙuri'a ɗaya ce ta riƙe mata ƙafa.

Kada a ce na mai da ita waliyyiya.
Har gobe Eleodoro take kirana,
alhali Eleuterio mahaifiyata ta sa mini.
Da kasuwa ta faɗi ta sallami mutum goma sha biyu,
ɗaya bayan ɗaya, da bakinta, ƙofa a rufe.
Ƙanen matata na cikinsu.
A gidanmu ba a kiran sunanta lokacin cin abinci.

Jiya dai ta sauko ta ce
za a tsayar da layi na biyu mako guda,
albashin kowa ba zai yi ko ƙwarzane ba.
Na jira in ji wanda zai ce a ba mu a rubuce.
Shiru.
Baldomero, mai ƙirgen nan,
ya tuɓe safar hannu ya rataye,
ya tambayi wa zai rage masa hanya.

Da za ta fita ta bi ta kan sikelina,
hankalinta na kan waya, ba ta lura ba.
Allura ta tashi, ta tsaya cak.
Na ɗaga hannu zan buga gefe, yadda na saba,
sai na mai da shi aljihu.